Taswira Ba Ta Magana Sai Da Tarihi

Mu malaman makaranta mun saba raba darussa: labarin ƙasa da malaminsa, tarihi da nasa, adabi kuma da nasa. To, amma duk wanda ya buɗe taswirar Gana yana neman tsohon garin Kete-Krachi zai ga illar wannan rabo. Ruwa kawai zai tarar. Bayan an kammala madatsar ruwan Akosombo a 1965, Tafkin Volta ya shanye garin, aka mayar da jama'arsa sabon matsuguni.

Taswira ba za ta gaya mana cewa a nan ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya yi limanci, ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Ajami, har ya rasu a 1934 ba. Tarihi ne zai ce daga Salaga ya komo nan, bayan yaƙin basasar 1892.

Shi ma tarihi yana bukatar labarin ƙasa. Me ya kai kakanninmu Salaga tun farko? Goro ɗan kurmi ne, ba ya yi a ƙasar Hausa. Sarakunan Asante kuma ba su yarda fatake su shiga kurmi ba, sai aka riƙa haɗuwa a ƙasar Gwanja. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, goro ya sake hanya, ayari ya bi shi Kintampo da Kete-Krachi.

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun shekarun 1960 jami'ar Legon ta tattara rubuce-rubucen malamanmu, ga shi yanzu ana iya ɗora irin wannan bayani a kan taswirar kwamfuta. Sai dai ba jami'a ce za ta shigo lungunanmu ba. Wannan aikinmu ne.

Yawancin gidajenmu akwai waya mai taswira. Mu tura almajiranmu wurin tsofaffin zango su tambaya: ina tsohuwar rijiya, ina maƙabartar farko, wa ya sa wa unguwa suna? Malamin labarin ƙasa ya sa alama, na tarihi ya bincika, na adabi ya rubuta da Hausa.

Jama'a, tsofaffin nan tafiya suke yi. Kada mu bari su tafi da sunayen. Allah Ya sa mu dace, amin.