Aikin murɗaɗɗiyar ƙafa: gaskiya da jita-jita kan ciwo

Kusan jariri 1 cikin 1,000 akan haife shi da ƙafa a murɗe, tafin ya juya ciki. Ana gyara ta sarai, amma tsoron ciwo kan sa iyaye su riƙe yaro a gida har ƙafar ta ƙage. Bari mu tace maganganun da ke yawo.

"Sai an farke ƙafar duka." Ba haka ba ne. A tsarin Dakta Ponseti na Jami'ar Iowa a Amurka, wanda ake bi a asibitoci irin na ƙashi da ke Dala a Kano, ana miƙe ƙafar a hankali, a ɗaura siminti duk mako, sau 5 zuwa 8. Daga nan yawancin jarirai sai a yi musu ɗan yanka a jijiyar agara, aikin 'yan mintoci, a sa simintin ƙarshe na mako 3.

"Jariri bai san ciwo ba." Ƙarya ce. Yana ji, shi ya sa ake kashe zafin wurin kafin yanka. Ba shi nono ma yana kwantar da shi.

"Zai yi makonni yana shan azaba." Akwai ƙari a ciki. Bayan yankan agara rigimar kwana ɗaya ko biyu ce, farasitamol daidai nauyinsa kan wadatar. Gaskiyar maganar tana ga yaron da ya girma ba a gyara ba. Shi aikinsa kan zama babba, da allurar barci, kuma kwana 2 zuwa 3 na farko sun fi zafi. A ɗora ƙafar kan matashi don kumburi ya sauka.

"A nemo masa magani mai ƙarfi a kemis." Kul! Kodin da tiramadol kan danne numfashin yara, asfirin ma ba nasu ba ne.

"Duk kuka na siminti ne, zai saba." Wannan ce ta fi haɗari. Uwa, duba yatsunsa kullum. In sun yi sanyi, sun kumbura, sun sauya launi, ko sun shige cikin simintin, ko kuka ya ƙi tsayawa bayan magani, ko ga zazzaɓi da wari, a koma asibiti nan take, ko da dare ne.

Ciwon aikin na kwanaki ne, na takawa da gefen ƙafa kuwa na shekaru. A kai jariri tun makonninsa na farko, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.