Salama A Lokacin Fargaba: Abin Da Ke Riƙe Da Masu Bi A Garwa

Duk wanda ya tashi a wannan arewa tamu ta Kamaru ya san fargaba ba baƙuwa ba ce. Muna yara a 1993 aka zabge albashin ma'aikata har sau biyu, a watan Janairu na 1994 kuma sefa ta rasa rabin darajarta a dare ɗaya. Daga nan sai zargina, wato 'yan fashin hanya, suka hana matafiya sakat tsakanin Garwa da Ngaundere. A 2012 Binuwai ya cika ya batse, ya ci gonaki da gidaje. Tun daga 2013 kuma sai Boko Haram a yankin Mora da Kolofata, har bama-baman Marwa na watan Yuli 2015. Garwa ba ta ga yaƙin a ƙofarta ba, amma ta ga 'yan gudun hijira, ta ji labari, shi labari kuwa yakan hana barci fiye da gani da ido.

Mun sani yawancin masu karatunmu Musulmi ne, suna da tawakkali, sun kuma san daɗinsa. Mu 'yan tsirarun Kirista masu jin Hausa kalmar da muka fi riƙewa ita ce salama. Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 take bakin iyayenmu. To, mece ce ita? Salama ba ta nufin hatsari ya wuce. Tana nufin mutum ya yi iyakar abin da zai iya, ya kulle ƙofa, ya biya kuɗin makaranta gwargwadon hali, sauran ya miƙa wa Allah cikin sunan Almasihu, ya kwanta. Gobe ba tamu ba ce, shi ya sa ba mu ɗaukar kayanta tun yau.

Ba wai masu bi sun tsira daga wahala ba. Bishop Yves Plumey, wanda ya zo da limaman Katolika na farko a 1946 ya kuma zama bishop na farko a Garwa, kashe shi aka yi a gidansa a Ngaundere a watan Satumba na 1991. A watan Nuwamba na 2013 aka sace Fada Georges Vandenbeusch a Ngecewe, bai fito ba sai ranar ƙarshe ta shekarar. Duk da haka kashegarin kowane mugun labari an buga ƙararrawar asuba, mutane sun fito.

A nan ne muke ganin asirin yake, a cikin fitowar. Damuwa tana son mutum shi kaɗai a ɗaka, da dare. Ku leƙa majami'un Yalwa ko Rumde Ajiya ranar taron mata: kafin a yi addu'a, kowace sai ta faɗi abin da ke cin ranta da babbar murya. Wannan ɗanta soja ne a bakin iyaka, waccan mijinta ya yi wata uku babu aiki. A karanta Zabura, a roƙi Allah da sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a zagaya da kwano. Abin da aka tara ba ya taka kara ya karya, amma matar da ta shigo da nauyi a ka ta koma gida an kama mata. Mu malamai muna ganin sakamakon a aji, domin yaron da uwarsa ta yi barci shi ma ya yi.

Sai dai a yi hattara. Akwai masu wa'azi da suka mai da salama haja, suna sayar da mai da ruwa a kwalba, suna cewa wanda ya kawo baiko mai tsoka ba zai ga masifa ba. Irin wannan ƙara fargaba yake yi, don in masifar ta zo sai mutum ya ɗauka Allah ne ya ƙi shi. Haka kuma wanda damuwa ta hana shi ci da barci mako da makonni, a yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti.

Baba Simon, limamin da ya baro kudu a 1959 ya zauna a Tokombere, yana yawo a duwatsu ba takalmi, bai sayar wa kowa komai ba. Zama yake yi da mutane, Musulmi da masu addinin gargajiya, yana sauraronsu. Ya rasu a 1975, a 2023 kuma Paparoma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa. Asibitin Tokombere ya ci gaba da karɓar marasa lafiya har a shekarun da hare-hare suka tsananta a yankin.