Hutun ma'aurata a Paris: abin da ake shiryawa tun daga gida

Hoton mata da miji a gindin hasumiyar Eiffel ya zama ruwan dare a Facebook da WhatsApp, musamman bayan biki. Amma ga ma'auratan da za su tashi daga Garwa, Njamena, Kwatano ko Abijan, kwana biyar a babban birnin Faransa na iya cinye ajiyar shekara guda. Daɗin tafiyar ko ɓacin ranta yakan dogara ne da abin da aka shirya kafin a hau jirgi.

Biza: a nan kuɗi suke fara fita

Faransa tana cikin yankin Schengen mai ƙasashe 29, kuma bizar yawon buɗe ido tana ba da damar zama har kwana 90 cikin kowane kwana 180. Tun watan Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga kowane baligi. Da yake Yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957, mata da miji za su biya kusan sefa dubu 118, ban da ladan cibiyar da take karɓar takardu. Idan aka hana bizar, kuɗin sun tafi ke nan.

Kowannensu zai cika tasa takardar neman. Ana buƙatar fasfo mai shafi biyu da ba a taɓa ba, wanda zai ci gaba da aiki wata uku bayan ranar dawowa, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da shaidar samun kuɗi, da ta masauki. Wanda zai sauka wajen ɗan uwa, sai ɗan uwan ya karɓo takardar da ake kira attestation d'accueil daga ofishin magajin garinsa. Idan maigida ne zai ɗauki nauyin uwargida, akan nemi takardar aure ta hukuma, abin da yake kawo cikas ga waɗanda a masallaci kaɗai aka ɗaura musu aure. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya. Amsa takan fito cikin kwana 15, amma tana iya kai kwana 45, saboda haka sayen tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito ganganci ne.

Birnin da ake gani da ƙafa

An raba Paris gunduma 20, kogin Seine kuma ya ratsa ta tsakiya, da gadoji 37 a kansa. Yawancin wuraren da baƙi suke zuwa dominsu suna jere ne a bakin kogin, wanda hukumar UNESCO ta sanya gaɓarsa cikin kayan tarihin duniya a 1991. Daga majami'ar Notre-Dame zuwa hasumiyar Eiffel tafiyar kusan kilomita 5 ce, ma'aurata za su iya yin ta cikin wuni ɗaya suna hutawa a hanya.

Notre-Dame ta yi gobara ranar 15 ga Afrilun 2019, aka sake buɗe ta a Disambar 2024, kuma shiga kyauta ne. Gaba kaɗan akwai gadar Pont des Arts, inda masoya suka riƙa maƙala kwado suna jefa makullin a ruwa. Nauyin ƙarfen ya karya wani sashe na shingen gadar a 2014, a shekarar da ta biyo baya hukumar birnin ta kwashe kwadunan, kimanin tan 45. Yanzu gilashi ne a wurin, ba amfanin zuwa da kwado.

Gadar tana kaiwa gidan tarihi na Louvre, inda zanen Mona Lisa yake. Daga Janairun 2026 baƙon da ya fito daga wajen Turai yana biyan Yuro 32, wato kusan sefa dubu 42 ga mutum biyu. Louvre ba ya buɗewa ranar Talata, gidan tarihi na Orsay da fadar Versailles kuwa ranar Litinin suke rufewa. Mai kwana biyar kacal da bai san wannan ba zai iya asarar wuni guda.

Hasumiyar Eiffel, wadda aka kammala a 1889, tsawonta mita 330 ne. Hawa da ƙafa zuwa bene na biyu ya fi araha, sai dai matakala 674 ce. Tikitinta da na Louvre gara a saye su ta intanet a shafinsu na ainihi, da ranar da sa'ar shiga. Bayan duhu ya yi, fitilun hasumiyar suna ƙyalli na minti biyar a farkon kowace sa'a, kuma daga dandalin Trocadéro ana kallo ba tare da biyan ko sisi ba. Kusa da ita akwai gidan tarihi na Quai Branly mai kayan Afirka, wanda daga cikinsa aka mayar wa Jamhuriyar Benin kayan masarautar Abomey guda 26 a 2021.

Salla, abinci da sutura

Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana gunduma ta 5, da hasumiya mai mita 33 da wurin shan shayin na'ana'a. Lokutan salla suna sauyawa sosai: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa wajen ƙarfe 5 na yamma, ga sanyi da yayyafi.

Abincin halal ba ya wuyar samu. A gunduma ta 18, unguwannin Château Rouge da Goutte d'Or cike suke da mahauta da gidajen abincin Afirka, kuma daga can ana hawa tudun Montmartre da ƙafa, inda ake hango birnin shimfiɗe. Game da sutura, ɗankwali da hijabi ba laifi ba ne a titi ko a gidajen tarihi. Rufe fuska da niƙabi a bainar jama'a ne doka ta haramta tun Afrilun 2011, tarar kuma tana kai Yuro 150.

Zirga-zirga da 'yan damfara

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metro, yana da layi 16, a 2025 kuma tikiti ɗaya Yuro 2.50 ne. Daga filin jirgin sama na Charles de Gaulle, jirgin RER B yana shiga har tsakiyar birni. Tasi na hukuma suna da ƙayyadadden farashi daga filin, a layinsu ake hawansu, duk wanda ya tari baƙo a cikin zaure yana tallar mota to ba na hukuma ba ne.

Inda baƙi suka taru, nan 'yan sane suke. A gindin matakalar Montmartre akwai masu ɗaura wa mutum zare a hannu sannan su nemi kuɗi. Kusa da Eiffel akwai masu takardar neman sa hannu da masu cacar kofi uku. Ma'aurata suna da wata dama da matafiyi shi kaɗai ba shi da ita: su raba kuɗi da katin banki tsakaninsu, kowa ya riƙe hoton fasfon ɗan uwansa, ta yadda ɓatan jaka ɗaya ba zai tsayar da tafiyar ba.

Abu na ƙarshe shi ne ranar dawowa. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa yana iya rasa wata nan gaba a duk ƙasashen Schengen. Ma'auratan da suka dawo a kan lokaci kuwa, wannan tarihin yakan taimaka musu idan suka sake nema.