Amfanin Gajeren Karatu a Ƙasashen Waje ga Ɗaliban Jami'a

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Kowace shekara muna sallamar ɗalibai 'yan aji shida, wasu su shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma wadda aka kafa a 2011, wasu Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wasu kuma su nufi Katsina, Zariya, Kano ko Jos. Da yawa cikinsu suna da burin yin karatu a ƙasar waje, amma da sun ji kuɗin da ake kashewa sai gwiwarsu ta yi sanyi, su ce wannan sai 'ya'yan manya. To, akwai wata hanya da ba a cika maganarta ba, wato gajeren kwas. Shi ne muke so mu bayyana wa ɗalibanmu da iyayensu a wannan shafi: mene ne shi, wane amfani ke gare shi, kuma waɗanne ramuka ne ke kan hanyar.

Mene ne gajeren kwas?

Gajeren kwas shi ne ɗalibi yana nan a matsayin ɗan jami'arsa ta gida, sai ya tafi wata makaranta a wata ƙasa na ɗan lokaci, ya koyi wani abu takamaimai, ya komo ya ƙarasa digirinsa inda ya fara. Iri uku ne aka fi sani. Akwai na lokacin dogon hutu, wanda kan ɗauki makonni kaɗan. Akwai na zangon karatu ɗaya, kamar wata huɗu ko biyar. Akwai kuma na shekara guda cur. Abin da ke sa tsarin ya yi aiki shi ne yarjejeniya tsakanin makarantun biyu. Kafin ɗalibi ya tashi, shugaban sashensa da malaman can sukan amince a rubuce kan darussan da zai ɗauka, domin makin da ya samu a can a lissafa masa a nan. In babu wannan takarda, yana iya dawowa ya tarar abokansa sun wuce shi da shekara ɗaya.

Ba sabon abu ba ne a ƙasarmu

In muka duba tarihin Arewa za mu ga da yawa cikin shugabanninmu na farko ba su yi shekaru huɗu a Turai ba. Gajeren kwas suka je. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, malamin makaranta ne lokacin da aka tura shi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar London a 1945. Shekara ɗaya kawai ya yi. Da ya dawo ya shiga majalisa, a 1957 kuma ya zama Firayim Minista. Malam Aminu Kano ya bi sahunsa zuwa wannan cibiya a 1946, kuma a can ne ya soma shirya ƙungiyar malaman makarantun Arewa. Ahmadu Bello ya je Ingila a 1948 ya ga yadda ake tafiyar da ƙananan hukumomi. A wannan shekara ce kuma Alhaji Isa Kaita, wanda kwalejin garin nan ke ɗauke da sunansa, ya je Exeter ya karanci harkar mulki, daga baya ya zama Ministan Ilimi na Jihar Arewa.

Haka kuma Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wanda ya taɓa koyarwa a Midil ta Katsina, ya bi tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Da ya dawo bai ɓoye abin da ya gani ba, ya rubuta shi a littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi domin waɗanda ba su je ba. Abin lura game da waɗannan mutane shi ne dukansu sun tafi ne bayan sun san gida sosai, sun je da tambayoyi a zuciyarsu, sun kuma dawo sun yi aiki da amsoshin.

Amfani na farko: harshe

Babu inda amfanin gajeren zama a waje ya fito fili kamar wajen koyon harshe. Ɗalibi yana iya haddace nahawun Faransanci shekara biyu a aji, amma ranar da ya shiga kasuwa a Kwatano ko Yamai zai sayi sabulu, a ranar zai san ko ya iya. Shi ya sa tun da daɗewa jami'o'in Nijeriya suka wajabta wa masu karatun Faransanci su yi shekararsu ta uku a inda ake magana da harshen. Da tattalin arziki ya taɓarɓare bayan 1986, darajar naira ta faɗi, tura ɗalibai waje ya yi wuya, sai Gwamnatin Tarayya ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry cikin 1991, da Ƙauyen Larabci a Ngala ta Jihar Borno cikin 1992. Wannan ya nuna mana gwamnati kanta ta yarda aji kaɗai ba ya isa. Dole ɗalibi ya kwana ya tashi cikin harshen da yake koyo.

Amfani na biyu: gani da ido, taɓawa da hannu

Gani ya kori ji. Akwai na'urorin da ɗalibin kimiyya ke karanta labarinsu a littafi, ya zana su a jarrabawa, har ya ci, alhali bai taɓa kunna ko ɗaya ba. Wata uku a ɗakin gwaji mai cikakken kaya da wutar lantarki da ba ta yankewa na iya koya masa abin da zane a allo ba zai koya ba.

Amma kada mu ɗauka waje yana nufin Turai ko Amurka kawai. Ga Maraɗi nan kusa, daga Katsina ta hanyar Jibiya, tana da jami'arta ta Ɗan Dikko Ɗankolodo. A yankin Maraɗi ne tun daga 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da manoman wurin suka farfaɗo da wata dabara mai sauƙi. Maimakon a sare duk tohon da ke fitowa daga kututturen itace lokacin sharar gona, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a riƙa kula da su har su zama itace. Da haka gawo da kalgo da sabara suka dawo gonaki, suna tare iska, suna ba da taki da itacen girki da abincin dabbobi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ta kai kadada miliyan 5. Yanayin gonakin Kurfi da Dutsin-Ma bai yi nisa da na can ba. Ɗalibin aikin gona ko na gandun daji da ya yi mako shida tare da waɗannan manoma, waɗanda Hausa suke ji kamarsa, zai dawo da abin da mahaifinsa zai gwada a damina mai zuwa.

Haka nan Cibiyar Songhai da ke Porto-Novo a Jamhuriyar Benin, wadda Fada Godfrey Nzamujo, ɗan Nijeriya, ya kafa a 1985. A can ana koyar da noman da ba a zubar da komai: kashin kaji ya zama taki da iskar girki, ruwan tafkin kifi ya shayar da lambu, ragowar lambu ta koma abincin dabbobi. Wanda ya ga wannan da idonsa, in ya tsaya a bakin madatsar ruwa ta Zobe, tunaninsa ba zai zama irin na da ba.

Amfani na uku: hali da zumunci

Ɗalibin da ya zauna inda ba a san gidansu ba yakan koyi riƙe kansa. Zai lissafa kuɗinsa, ya dafa abincinsa, ya iso aji kan lokaci, domin a wurare da yawa ƙarfe takwas ƙarfe takwas ce. Zai kuma ɗanɗana zama baƙo, wanda ake kallon tufafinsa da lafazinsa. Wanda ya taɓa zama baƙo ya fi sanin darajar baƙo, kuma ƙasa irin tamu mai kabilu da addinai daban-daban tana bukatar irin waɗannan mutane. Wannan tunani ne ya sa aka kafa hidimar ƙasa a 1973, bayan yaƙin basasa. Ƙasashen Turai ma, bayan yaƙe-yaƙensu, sun ƙirƙiro shirin Erasmus a 1987 domin ɗalibansu su riƙa yin zango ɗaya ko biyu a jami'o'in juna. Miliyoyi sun amfana, kuma daga 2015 aka buɗe wani sashe nasa ga jami'o'in wasu nahiyoyi, har da Afirka, muddin suna da yarjejeniya da wata jami'ar Turai.

Bugu da ƙari, malamin da ya ga ƙwazon ɗalibi na wata huɗu shi ne zai rubuta masa takardar shaida gobe in ya nemi gurbin digiri na biyu. Sabo da maza jari ne.

Amfani na huɗu: sauƙin kuɗi da dawowa gida

Lissafin a bayyane yake. Shekara huɗu wata 48 ke nan. In aka bar kuɗin jirgi a gefe, abin da zai riƙe ɗalibi ɗaya na wannan tsawon lokaci zai riƙe ɗalibai 12 na wata huɗu-huɗu. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa cikin Yuni 2023, iyaye da gwamnatoci da yawa sun sha wuyar biyan kuɗin makarantun waje. Sa'an nan wanda ya yi shekaru masu yawa a can yakan yi saiwa, ya sami aiki, wani lokaci har da iyali, dawowa ta gagara. Mai gajeren kwas kuwa digirinsa na gida, dole ya komo ya ƙarasa, ilimin da ya samo kuma ya shigo ajinsu tare da shi.

Ramukan da ke kan hanya

Ba za mu ɓoye wa iyaye haɗarin ba. Na farko shi ne 'yan damfara. Gajeren kwas daban, gajeren digiri daban. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sami takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba. A Janairu 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo domin ta yi bincike, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gaskiya. Duk wanda ya ce zai ba ɗanka digiri cikin 'yan watanni, kuɗinka yake so, kuma sunan yaron zai ɓata.

Na biyu shi ne tashin hankali. A Fabrairu 2022 yaƙi ya rutsa da ɗaliban Nijeriya a Yukren, a Afrilu 2023 kuma a Sudan, inda aka kwaso da yawa cikin motoci zuwa iyakar Masar da wahala mai yawa. Ko maƙwabciyarmu Nijar, bayan juyin mulkin Yuli 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Saboda haka kafin tafiya a bincika halin da ƙasar ke ciki, in an isa kuma a sanar da ofishin jakadancin Nijeriya.

Na uku yana cikin zuciyar ɗalibin kansa. Akwai wanda zai yi mako huɗu a waje ya dawo yana yatsine wa tuwon gidansu, yana magana ta hanci. Akwai wanda zai ɓuya idan bizarsa ta ƙare, ya zama mai gudun 'yan sanda, ya kuma toshe ƙofa ga na bayansa, domin makarantar ba za ta sake amincewa da 'yan jami'arsu ba. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa.

Shawara ga ɗalibanmu

Da yake wasu daga cikin waɗannan guraben kyauta ne, gasa ake yi, kuma shiri tun daga sakandare yake farawa. Ku riƙe Turanci da Lissafi da kyau, kada kuma ku raina darasin Faransanci, gama Nijar da Benin da Kamaru da Chadi da ke kewaye da mu duk an daɗe ana karatu da shi. Ku koyi aiki da kwamfuta, domin ta intanet ake cika takardun nema. In kun shiga jami'a, ku kula da makinku tun daga shekarar farko, don shi ake fara dubawa. Ku tambayi shugaban sashe ko jami'arku tana da yarjejeniya da wata ta waje. Ku tanadi fasfo da katin allurar shawara da wuri. Ku tabbata sunanku da ranar haihuwarku iri ɗaya ne a duk takardunku, gama ɗan bambanci kaɗan ya sha hana mutane tafiya. Kada ku biya wani dillali kuɗi kan gurbin da aka ce kyauta ne.

Ga iyaye kuma, muna roƙo kada a ware 'ya'ya mata. In shirin na gaskiya ne, akwai masauki mai tsaro da malami mai kula, to yarinyar da za ta dawo ta zama malamar asibiti ko ta makaranta a Kurfi ta cancanci ta je ta ga yadda ake yi a wani wuri, daidai da ɗan'uwanta.

Daga ƙarshe, duk wanda ya sami wannan dama ya tafi da littafin rubutu, ya rubuta abin da ya gani kowace rana. In ya dawo, muna gayyatarsa ya zo taron tsofaffin ɗalibai ya tsaya gaban ƙannensa ya faɗa musu abin da ya koyo da yadda ya sami gurbin, domin na baya su san hanya. Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Amin.