Amosanin gaɓɓai: Za a iya gane maganin bayolojik da zai karɓi mutum tun kafin a fara?

Idan kuna fama da amosanin gaɓɓai nau'in rumatoyid, wato wanda garkuwar jiki ke far wa gaɓoɓi har su kumbura su riƙa sandarewa da safe, kuma kun yi watanni kuna shan methotrexate ba a samu sauƙin da ake so ba, likita zai iya kawo muku maganar magungunan bayolojik. Tambayar da kusan kowane majinyaci ke yi a nan ita ce, wanne ne zai karɓe ni?

Tambaya ce mai nauyi. Magungunan suna da tsada sosai, kuma duk watannin da aka ɓata a kan wanda bai yi aiki ba, kumburi na ci gaba da cin gaɓa, ƙashin da ya zaizaye kuwa ba ya dawowa. Zuwa yau babu gwaji guda da ke iya faɗa da tabbaci. Amma akwai abubuwan da ke nuna wa likita inda ya fi kyau a fara, wasunsu ma suna hannunku.

Me ya sa magani ɗaya ba ya karɓar kowa?

Bayolojik magunguna ne na furotin da ake yi wa mutum a allura ƙarƙashin fata ko a ƙarin ruwa. Kowanne yana toshe hanya ɗaya tak daga cikin hanyoyin da ke hura wutar kumburi:

- Masu toshe sinadarin TNF: infliximab, etanercept, adalimumab, golimumab da certolizumab.
- Masu toshe aikin sinadarin IL-6: tocilizumab da sarilumab.
- Mai rage ƙwayoyin garkuwa nau'in B: rituximab.
- Mai hana ƙwayoyin garkuwa nau'in T tashi: abatacept.

A farkon shekarun 1990 ne Ravinder Maini da Marc Feldmann suka nuna a Cibiyar Kennedy da ke Landan cewa toshe TNF na kwantar da cutar, sannan aka amince da etanercept a Amurka a 1998. Tun daga lokacin an lura cewa kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda aka fara yi wa maganin toshe TNF ba sa samun isasshen sauƙi. Dalili shi ne mutum biyu na iya zuwa da yatsu masu kumburi iri ɗaya, alhali abin da ke faruwa a cikin gaɓoɓinsu ya sha bamban. A wani TNF ne ke jan ragama, a wani kuma ƙwayoyin B ne ko IL-6.

Abin da gwajin jini ke nunawa

Gwaje-gwaje biyu da aka fi dogara da su su ne RF da anti-CCP, waɗanda wataƙila an riga an yi muku lokacin gano cutar. Masu ɗauke da ɗayansu ko duka biyun sun fi samun sauƙi da rituximab a kan waɗanda ba su da ko ɗaya. Haka nan an ga masu anti-CCP, musamman idan ya yi yawa, sun fi amfana da abatacept. A ɓangaren magungunan toshe TNF kuwa, waɗannan gwaje-gwaje ba su da wani tasiri na a zo a gani wajen hasashe.

CRP da ESR suna auna yawan kumburi. Idan sun hau kuma gaɓoɓi sun kumbura da gaske, alama ce cewa akwai abin da bayolojik zai kwantar. Idan kuwa zafi ne ya yi yawa amma babu kumburi, wataƙila ciwon ya samo asali ne daga lalacewar da gaɓa ta riga ta yi, ko daga larurar ciwon jiki gaba ɗaya da ake kira faibiromayaljiya. Wannan irin zafi ba ya jin bayolojik, ko da an canza shi sau nawa ne.

Abubuwan da ke hannunku

Shan taba: bincike a ƙasashe da dama ya nuna masu shan taba ba sa samun sauƙi da methotrexate da magungunan toshe TNF kamar waɗanda ba sa sha.

Ƙiba: yawan ƙiba na rage yiwuwar cutar ta lafa da magungunan toshe TNF. Wannan raguwar ba ta fito fili haka ba a tocilizumab da abatacept.

Ci gaba da shan methotrexate: mutane da yawa na ɗauka cewa da an fara allura sai a ajiye ƙwaya. Kada ku yi haka sai da izinin likita. Garkuwar jiki kan ɗauki bayolojik a matsayin baƙo, ta ƙera abin da zai kama shi ya hana shi aiki. A wani bincike da aka yi a Amstadam ta ƙasar Holan, wanda aka wallafa a 2011, an bi mutum 272 masu amfani da adalimumab tsawon shekara 3, aka samu kashi 28 cikin 100 jikinsu ya yi hakan, kuma su ne suka fi daina maganin saboda rashin sauƙi. Methotrexate na rage faruwar wannan. Ga wanda ba ya iya shansa sam, gwajin ADACTA na 2013 ya nuna tocilizumab shi kaɗai ya fi adalimumab shi kaɗai aiki.

Ajiyar magani: ana ajiye alluran ne a firij tsakanin ma'aunin sanyi 2 zuwa 8, ba a bari su daskare. A inda wutar lantarki ba ta tsayawa, allurar da zafi ya lalata za ta sa a zaci maganin ne bai karɓe ku ba. Ku tattauna yadda za ku ajiye ta da mai ba da magani tun kafin ku saya.

Zuwa da wuri: wanda cutar ba ta daɗe ba, kuma bai riga ya gwada bayolojik da yawa ba, ya fi samun sakamako mai kyau.

Ina bincike ya kai?

An daɗe ana fatan ƙwayoyin gado za su ba da amsa. A 2014 aka buɗe wata gasa mai suna DREAM, inda ƙungiyoyin masana daga sassan duniya suka yi ƙoƙarin hasashen wanda maganin toshe TNF zai karɓa ta hanyar bayanan gadonsa. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna bayanan gadon ba su ƙara wani abin kirki ba a kan abin da likita ke samu daga shekarun majinyaci, jinsinsa, tsananin cutar da magungunan da yake sha.

Wasu masanan sun karkata ga leƙa cikin gaɓar kanta. Da taimakon na'urar sikanin, ana sa allura a gutsuro ɗan tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa a duba shi. A gwajin R4RA da Costantino Pitzalis na Jami'ar Queen Mary ta Landan ya jagoranta, wanda mujallar Lancet ta buga a 2021, an raba mutum 164 da maganin toshe TNF bai karɓe su ba tsakanin rituximab da tocilizumab. Da aka rarrabe su ta hanyar duba naman a madubin likita kawai, ba a ga bambanci mai ƙarfi ba. Da aka auna waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a cikin naman, sai aka ga a cikin masu ƙarancin ƙwayoyin B, kashi 63 cikin 100 na waɗanda aka ba tocilizumab sun samu sauƙi, kashi 36 kuma na waɗanda aka ba rituximab. Sai dai gwajin STRAP da ya biyo baya a 2023, a kan waɗanda ba su taɓa amfani da bayolojik ba, bai tabbatar da cewa wannan rarrabewar ta isa a zaɓi magani da ita ba. Shi ya sa har yanzu ba a mayar da gutsuro naman gaɓa aikin yau da kullum a asibiti ba.

Wata uku na farko

Ma'aunin da ya fi kowanne amfani a yanzu shi ne yadda jikinku ya amsa bayan an fara. Likitoci na amfani da lissafin DAS28, wanda ke haɗa adadin gaɓoɓi masu zafi da masu kumburi cikin guda 28, da gwajin ESR ko CRP, da yadda ku kanku kuke ji. Sama da 5.1 cutar ta yi tsanani, 3.2 zuwa ƙasa ta yi sauƙi, ƙasa da 2.6 kuma ta lafa. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin amosani ta Turai, EULAR, ita ce a ga sauƙi na akalla rabi cikin wata 3, a kuma cimma buri cikin wata 6. In ba haka ba a canza magani, domin wanda bai ga sauyi a wata 3 ba da wuya ya kai ga lafawa daga baya a kan wannan maganin.

Saboda haka ku tabbata an rubuta makinku kafin allurar farko. Masu amfani da tocilizumab su sani cewa yana saukar da CRP ko da gaɓoɓi ba su gama kwantawa ba, don haka dole likita ya taɓa gaɓoɓin ya ƙirga.

Yadda magani ya gaza ma na nuna hanya. Idan tun farko bai yi komai ba, sau da yawa ana komawa wani rukunin daban. Idan ya yi aiki na wani lokaci sannan ya ja baya, wataƙila jiki ne ya fara yaƙarsa, kuma wani maganin daga rukuni ɗaya na iya karɓar ku.

Kafin allurar farko

Sauran cututtukan da kuke da su ma na shiga cikin zaɓi. Magungunan toshe TNF na iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, rituximab kuma na iya tayar da ciwon hanta nau'in B. Najeriya na cikin ƙasashe 30 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin mafiya fama da tarin fuka, don haka kada a tsallake hoton ƙirji da gwajin tarin fuka, da na hanta, da na ƙanjamau. Ku sanar da likita idan kuna da gazawar zuciya, ko kuna da juna biyu, ko kuna shirin ɗauka, domin ba a shan methotrexate da ciki.

Ranar da za ku ga likitan gaɓoɓi, ku tafi da sakamakon RF da anti-CCP, da jerin duk magungunan da kuka taɓa sha har da na gargajiya. Ku tambaye shi makin DAS28 ɗinku na ranar, da dalilin zaɓen wannan maganin, da ranar da za a sake aunawa, da kuma abin da za a koma idan wata 3 ta cika ba a ga sauyi ba.