YADDA AKE ƘIRƘIRO SABON DODO A WASAN KWAMFUTA

A wannan makon mun kawo muku bayani a kan wasannin dabarun yaƙi na kwamfuta, da yadda ake zana abokin gaba a cikinsu.

Irin wannan wasa bi da bi ake yin sa, kamar dara. Ka motsa sojojinka, sannan kwamfuta ta motsa nata. Ɗaya daga cikin waɗanda suka shahara shi ne XCOM. Wani ɗan Ingila mai suna Julian Gollop ne ya tsara na farko a 1994, sai kamfanin Firaxis na Amurka ya sabunta shi a 2012. A ciki wasu baƙin halittu ne suka zo daga sararin samaniya za su ci duniya da yaƙi. Da soja huɗu kake farawa, kuma duk wanda ya mutu ba ya dawowa. Shi ya sa kowa yake ɓoye sojansa a bayan bango ko mota.

Da muka duba dodannin wasan, mun ga kowanne yana da aikin da ya bambanta shi. Floater yana tashi sama ya sauka a bayan sojanka, sai bangon ya zama ba shi da amfani. Chryssalid ba shi da bindiga amma yana da gudu, kuma wanda ya kashe yana tashi ya koma maƙiyi. A XCOM 2 na 2016, Sectoid yana juya hankalin sojanka ya riƙa harbin 'yan uwansa. Amma kowannensu yana da lago. Chryssalid sai ya matso kusa yake iya cuta, don haka ana harbinsa tun daga nesa. Sectoid kuwa da an kashe shi sojan zai dawo hayyacinsa.

Daga nan muka ce bari mu gwada namu. Ba mu da kwamfuta a kulob, sai muka zana gida-gida a kwali. Marafan lemo suka zama sojoji, kwalayen ashana suka zama bango, ƙwayar ludo kuma ita ke nuna ko harbi ya samu. Dodonmu mun sa masa suna Gara, saboda aikinsa cinye bango.

Gara ta farko ba ta yi kyau ba. Mun ba ta rai goma, tana tafiya gida shida, tana cin bango kuma ta yi harbi a lokaci guda. A zagaye uku ta gama da soja huɗu. Sau biyar muna gwadawa lokacin tara, ba wanda ya ci. Har wani daga cikinmu ya yi fushi ya ce cuta ce, ba zai ƙara yi ba. Gaskiyarsa ne, domin babu wata dabara da za ta cece shi.

Sai muka gyara abu uku. Na farko, muka ƙwace mata bindiga, bango kawai take ci, sauran dodanni su yi harbin. Na biyu, kafin ta ci bango sai an ɗora masa tsakuwa, wato alamar cewa a zagaye na gaba zai rushe. Na uku, muka mai da ranta huɗu, tafiyarta gida uku.

Yanzu da ka ga tsakuwa dole ka yi tunani. Ka gudu ka nemi wata mafaka, ko ka tsaya ka harbi Gara kafin bangon ya faɗi? In ka gudu ka rasa damar harbi, in ka tsaya ka kuskure, sojanka ya zama a fili. Wanda ya yi fushi ma ya dawo, ya ci sau biyu, aka cinye shi sau uku, kuma ya ce a sake.

To ga tambayoyi uku ga mai son zana nasa dodon. Wace dabara zai hana ɗan wasa yi? Wace alama zai nuna kafin ya kawo hari? Ina lagonsa?

Wanda ya amsa su ya kawo zanensa kulob ranar Laraba bayan an tashi. Za mu gwada shi a kwalinmu, wanda ya fi daɗin wasa mu liƙa shi a wannan allo.