Hidetaka Miyazaki, daraktan da ya gaji aikin da kowa ya fid da rai a kansa

A shekarar 2004 wani ma'aikacin kamfanin Oracle a Japan, ɗan shekara 29, ya ajiye aikinsa mai albashi mai kauri ya shiga neman gurbi a kamfanonin da ke ƙera wasannin bidiyo. Kaɗan ne suka saurare shi. A wannan sana'a, wanda ya doshi talatin bai taɓa sa hannu a ƙera wasa ko ɗaya ba, ana ganin ya makara. Kamfanin da ya karɓe shi, FromSoftware, ba ya cikin manya a lokacin, albashin kuma ya yi ƙasa sosai da wanda ya baro. Bayan shekara goma, shi ne shugaban kamfanin. Sunansa Hidetaka Miyazaki, kuma ba shi da dangantaka da Hayao Miyazaki mai fina-finan zane, duk da mutane kan haɗa su.

An haife shi a 1974, ya tashi a Shizuoka a gidan da ba su da hali. Ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa iyayensa ba sa iya saya masa littattafai, sai dai ya je ɗakin karatu ya aro. Abin da yake arowa sau da yawa ya fi ƙarfin karatunsa. Yakan gane wani yanki, wani ya shige masa duhu, sai ya dubi hotunan da ke ciki ya ƙirƙiro ragowar labarin da kansa. Wasan bidiyo kuwa bai samu sakewa da shi ba sai da ya shiga Jami'ar Keio, inda ya karanta kimiyyar zamantakewa. Daga baya, yana Oracle, wani aboki ya nuna masa Ico, wasan Fumito Ueda na 2001, wanda kusan babu magana a cikinsa: yaro ne riƙe da hannun wata yarinya suna neman mafita daga wata tsohuwar fada. Wannan wasan ne ya sa shi sauya sana'a.

A FromSoftware an fara sa shi a jerin Armored Core, wasan yaƙi da manyan mutum-mutumin ƙarfe, har ya ba da umarni a biyu daga ciki, na 2006 da na 2008. Ana cikin haka ya ji labarin wani aiki da kamfanin ke yi wa Sony wanda ya cije, an rasa inda za a nufa da shi. Miyazaki ya nemi a ba shi. Dalilinsa, kamar yadda ya bayyana daga baya, lissafi ne na mai wayo: tunda an riga an ɗauka aikin ya mutu, in ya gwada ra'ayoyinsa suka faɗi, babu wanda zai tuhume shi. Ya rushe kusan komai ya sake gini. Abin da ya fito a watan Fabrairun 2009 shi ne Demon's Souls.

Sai an dubi kasuwar wancan lokaci za a gane girman kasadar. Manyan kamfanoni sun karkata ga sauƙaƙa wa mai wasa: kibiya tana nuna masa hanya, murya tana gaya masa abin da zai yi, in ya mutu a mayar da shi taku biyu baya. Demon's Souls ya juya wa duk wannan baya. Duk abokin gaban da ka kashe kana samun rayuka, su ne kuɗin wasan, da su ake sayen makami da ƙarin ƙarfi. In aka kashe ka, duk abin da ka tara yana zube a wurin da ka faɗi, kai kuma ka koma farkon yankin, maƙiyan da ka share sun dawo. Dama ɗaya gare ka ka isa wurin ka kwashe kayanka. Ka sake mutuwa a hanya, sun tafi ke nan. Wannan ƙa'ida guda ta sauya yadda mutum ke tafiya a cikin wasa. Sai ka ga ƙato yana takawa a hankali, garkuwa a sama, yana leƙa kowane lungu, domin yanzu yana da abin da zai yi asara.

Sony ba ta ga alheri a ciki ba. Shuhei Yoshida, wanda a lokacin yake jagorantar ɗakunan ƙera wasanninta, ya gwada shi ya ce bai yi ba, kamfanin kuma ya ƙi fitar da shi a wajen Asiya. Atlus ce ta kai shi Amurka, Namco Bandai ta kai shi Turai. Labarinsa ya bi baki har ya karɓu, Yoshida da kansa ya amsa daga baya cewa sun yi kuskure. Shi ya sa magajinsa, Dark Souls na 2011, ya fito da hannun Namco Bandai a ƙasashen waje, kuma bai tsaya a PlayStation kaɗai ba.

Ana yawan taƙaita aikin Miyazaki da cewa wasanninsa suna da wuya. A ganina wuyar ba ita ce ainihin gudummawarsa ba, wasanni masu wuya sun cika shekarun 1980. Abin da ya kawo shi ne hana mai wasa cikakken bayani da gangan. A Dark Souls babu mai zaunar da kai ya ba ka tarihin Lordran, duniyar wasan. Guntu yana cikin bayanin wani zobe, guntu a bakin wani mayaƙi da ya karaya, guntu a yadda aka jera gumaka a wani kango. Mai wasa ne ke ɗinke su, kamar yadda yaron Shizuoka ya riƙa yi da littattafan aro. Har sana'a ta fito daga nan, akwai masu tashoshin YouTube da ke ci da fassara waɗannan labarai.

Haka ma yadda 'yan wasa ke haɗuwa ta intanet. Ba hira ake yi ba. Kana iya barin gajeren saƙo a ƙasa daga jerin kalmomin da aka tanada, wani ya karanta, ko gargaɗi ne ko yaudara. Kana iya taɓa tabon jini ka ga inuwar yadda wani ya mutu a wurin. Kana iya kiran baƙo ya taya ka faɗa, da an gama ya ɓace. Miyazaki ya ce tunanin ya zo masa ne wata rana da motoci suka maƙale a kan tudu cikin dusar ƙanƙara, na baya ya riƙa tura na gaba har kowa ya haye, kuma babu halin tsayawa a yi godiya, don wanda ya tsaya zai sake maƙalewa.

A 2014 kamfanin Kadokawa ya sayi FromSoftware, aka naɗa Miyazaki shugaba. Yawanci irin wannan kujera takan raba mutum da aikin hannu, amma shi bai saki ba. Bloodborne ya fito a 2015, Dark Souls III a 2016, sai Sekiro a 2019, wanda ya ci kambin wasan shekara a bikin The Game Awards. Elden Ring, da ya fito ranar 25 ga Fabrairun 2022, ya sake cin kambin, kuma cikin shekara guda an sayar da fiye da kwafi miliyan 20. A nan George R. R. Martin, marubucin da aka ɗauko shirin Game of Thrones daga littattafansa, ya rubuta tsohon tarihin duniyar wasan, Miyazaki da mutanensa suka farfasa shi suka watsa gutsattsarin a faɗin taswira. A 2023 mujallar Time ta sa shi cikin mutum ɗari mafi tasiri a duniya.

Duk lokacin da sabon wasansa ya fito, gardama ɗaya ce ke tashi: me ya sa babu zaɓin sauƙi? Amsarsa ita ce yana son kowa ya fuskanci ƙalubale iri ɗaya, domin daɗin nasara daga nan yake fitowa. Yakan ƙara da cewa shi kansa ba gwani ba ne, yana mutuwa ba adadi. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta rufe bakin kowa ba, kuma bai kamata ta rufe ba. Mai lalurar hannu ko ta gani ba ƙalubale ɗaya yake fuskanta da mai lafiya ba, ko da maƙiyin ɗaya ne. Elden Ring ya ɗan sassauta ta bayan gida: in wani dodo ya gagare ka, ka hau doki ka nufi wani yanki ka ƙaro ƙarfi, ko ka kira ruhohin da za su taya ka. Sauƙi ne aka shigo da shi ba tare da an kira shi da sunansa ba.

Akwai kuma abin da yabon darakta ke rufewa. Ɗaruruwan mutane ne ke ƙera waɗannan wasanni, Yui Tanimura ma tare da shi suka ba da umarnin Elden Ring, amma sunan mutum ɗaya duniya ta riƙe. Miyazaki ya nuna ya san haɗarin da ke cikin haka ga kamfani. Armored Core VI na 2023 Masaru Yamamura aka damƙa wa, Elden Ring Nightreign na 2025 kuma Junya Ishizaki. Shi kuwa ya riƙe The Duskbloods, wanda aka sanar a watan Afrilun 2025 cewa za a yi shi ne don na'urar Nintendo Switch 2 kaɗai.